Tafin Baba

Akwai wata waƙar Turawa da ba na iya jin ta a kanti in ci gaba da sayayya. Waƙa ce mai sanyi, jita da fiyano da muryar namiji wadda ba ta ɗagawa, irin kiɗan da suke kira soft rock. A tsakiyarta kayan kiɗa duk sukan yi shiru, a bar tafi kaɗai na ɗan lokaci, sannan jita ta dawo. Na san mai wannan tafin. Kujerarsa tana kusa da tawa a ajin koyon karatu na manya, a saman benen wani laburare a unguwar Balsall Heath ta Birmingham, a Ingila. Ya taɓa sa ni na yi masa alkawari a kan tafin nan, na kuwa ɗauka ina dariya.

Na zo ƙasar nan ne ina dafa wa wani likita ɗan Kano da iyalinsa abinci a Selly Oak. Na yi karatun allo, ina karanta Alƙur'ani, amma ban taɓa zama a ajin boko ba. Turanci a baki na tsince shi, a kasuwa da cikin bas. Da likita ya koma gida, takarduna sun riga sun fito, iyalina ma sun iso, sai na sami aiki a wani wurin wanki da guga a Perry Barr, inda ake wanke zannuwan otal. Aikin ba shi da tabbas. Agency, wato kamfanin da ke samo mana aikin, ita ce ke turo saƙo ta waya, gobe akwai ko gobe babu, matata kuma ta karanta mini. Da ta kwanta asibiti haihuwar autarmu, na riƙe waya ina kallon saƙon kamar mai kallon sawun kaji a ƙasa. Na yi sammako na je, aka ce yau ba na ciki. Abin da ya kai ni aji ke nan.

Malamarmu Baturiya ce siririya mai haƙuri, kofin shayi ba ya barin hannunta. Mu ɗaliban yawancinmu baƙi ne, Somaliyawa da 'yan Pakistan da wata mata daga Yaman. Bature ɗaya ne a cikinmu, tsoho dogo, da tsohuwar kwat da ba ya cirewa, da hannaye kamar faranti. Ranar farko na kasa ɗauke ido daga kansa. Ban taɓa zaton akwai Baturen da bai iya karatu a ƙasarsa da harshensa ba.

"Yau kallo kyauta ne," in ji shi. "Gobe sai ka zo da biskit."

Na ji kunya, na ce, "Yi haƙuri, Baba."

"Mene ne Baba? Tsoho kake nufi ko?"

"Uba nake nufi."

"To uba ma sai da biskit."

Tun daga nan Baba nake kiransa. Shi kuma yakan kira ni our kid, yadda mutanen Manchester ke kiran ƙanensu, ko da yake gemuna ya fara furfura.

A Manchester aka haife shi, kuma labarinsa a hankali ya riƙa fitowa, lokacin hutun shayi. Yana saurayi shi ne direban wasu samari masu kiɗa, tun suna wasa a ƙananan mashaya ba wanda ya san su. Shi ke tuƙa motar kaya, shi ke ɗaukar ganguna da lasifika. Bai iya karanta allon hanya ba, amma ya haddace hanyoyin arewacin Ingila da gadoji da hasumiyar coci da launin gidajen mai, kuma ba wanda ya taɓa ganewa. Wata rana da rana ana ɗaukar waƙa, yana zaune a baranda yana cin burodi, aka leƙo aka ce ana neman hannaye. Aka shigo da shi da matar da ke dafa shayi da wani mai gyaran waya. Da suka gwada, mai ɗaukar sauti ya ce kowa ya ja baya, wannan dogon ya matso.

"Hannun nan," in ji Baba, yana ɗaga mini su. "Duk ƙasar nan ta ji su. Har matar da na aura, a wurin rawa ta fara jin su, kafin ta ga fuskata. Da fuskar ta fara gani da ba a yi ba."

Waƙar ta fito, ta shiga abin da suke kira chart, wato jerin waƙoƙin da aka fi saye a mako, wanda rediyo ke karantowa ranar Lahadi da yamma daga ƙasa zuwa sama. Ta yi ta hawa har ta kai ta ɗaya, ta zauna can makonni. Samarin suka zama manya, aka fara kai su ƙasashen waje, aka zo da manyan motoci da takardun da direba zai riƙa cikewa a kan iyaka. Baba bai gaya musu dalili ba, ya ce kawai ya gaji da yawo. Ya zo Birmingham ya shiga masana'antar mota, har aka rufe ta. Matarsa ce ke karanta masa komai, kamar yadda tawa ke yi mini. Ba su haihu ba. Da ta rasu ya tsaya gaban kwalaben maganin da GP, likitan unguwa, ya ba shi, bai san wanne ne na safe ba.

Shekarun nan ne da komai ake ragewa. An rage ranakun laburare, an rage bas, an kashe na'urar ɗumama ɗakin ajinmu saboda ta lalace ba a gyara ba. Muna rubutu da safar hannu. A cikin wannan hunturun ne wani kamfani ya sa waƙar a tallan talabijin. Matasan da ba a haife su ba lokacin da ta fito suka ji ta, suka so ta, sai ga ta ta sake shiga chart. Duk kantin da ka shiga ita ce. Malama ta zo da jarida ta shimfiɗa a tebur, ta ce yau nan za mu karanta. Baba ya ɗora babban yatsansa a kan layin, ya haɗa baƙaƙen sunan waƙar ɗaya bayan ɗaya. Sunan da ya fi shekara talatin yana furtawa, ran nan ya fara ganin kamanninsa. Ajin ya tafa masa. Ya ce, "Ba haka ake yi ba, duk kun ɓata."

Ya gayyace ni in zo ranar Lahadi mu saurari rediyo tare. Flat ɗinsa, wato sashen gidan bene da yake ciki, na council ne, ƙaramar hukumar garin, a hawa na sama, ga sanyi kamar cikin randa. Ya kunna ƙaramar hita mai ɗumama ɗaki ya juyo ta wajena, shi yana cikin kwat. Matata takan ba ni tuwon shinkafa da miyar kuka in kai masa. Da farko ya duba miyar ya ce, "Wannan daga wane kududdufi?" Daga baya shi ke tambaya ko akwai ƙari. In la'asar ta yi yakan rage rediyon da kansa, ya shimfiɗa mini tawul mai tsabta a gefen gado, ya koma kicin har in idar.

Mai rediyo yana karantowa daga ƙasa, mu kuma muna fatan kada mu ji ta da wuri, don in ta daɗe ba a kira ta ba, ta hau ke nan. Duk waƙar da aka sa wadda ba ita ba, Baba sai ya buga gwiwa ya ce, "Wuce, wuce!" In an zo kanta ya miƙe tsaye. Ya koya mini tafin: biyu a jere, a ɗan dakata, sannan ɗaya. Abu mai sauƙi, amma kullum na ƙarshen nan sai ya kuɓuce mini.

"Kai kamar bas ɗin Lahadi kake," in ji shi. "Kana zuwa, amma sai mutum ya fid da rai."

Wata Lahadi na same shi ba walwala. A makon an yi jana'izar wani maƙwabcinsa, tsoho irinsa, ya je. Ya ce daga shi sai ma'aikacin wurin.

"Ni ba mutuwa nake tsoro ba, our kid. Kujeru nake tsoro. Layi-layi, an goge su tas, ba kowa a kai."

Na ce, "A wurinmu ba a barin mutum ya tafi shi kaɗai. Ko baƙo ne ya faɗi a tasha, ba a san sunansa ba, kafin a gama yi masa wanka za ka ga an yi sahu."

"To ka zo mini. Kai kaɗai ma sahu ne. Za su sa waƙar nan, na riga na gaya wa 'yar ƙanwata. In an zo wurin, ka tafa."

"Baba, mu ba ma tafi a wurin mutuwa."

"Ai ba mutuwarku ba ce, tawa ce."

Na yi dariya. Shi bai yi ba. Ya miƙo mini hannun nan nasa, ya haɗiye nawa gaba ɗaya, na ce na yi alkawari. Ran nan waƙar ta tsaya a inda take makon jiya. Mako mai zuwa ta fara gangarowa, ba ta kai saman ba wannan karon. Baba ya ce ba komai, ta taɓa zuwa can, ta san yadda wurin yake.

Da bazara ta shigo Malama ta tsaya gabanmu ba kofi a hannunta, ta ce kuɗin ajin ya ƙare, ba za a sabunta ba. Matar nan ta Yaman ta tambaya ko laifi muka yi. Malama ta juya tana goge allon da babu komai a kansa. Baba ya kai inda yake karanta gajerun jimloli, ni ma haka. Muka ci gaba da haɗuwa ranar Lahadi muna karanta kwalin shayi da takardar magani, amma ba kamar aji ba. Aji ne ke fitar da shi daga gida, ya sa ya aske gemu, ya sauko bene. Da babu aji ya daina saukowa. Wata rana ya faɗi a banɗaki, sai washegari aka ji shi. Daga asibiti aka mayar da shi Manchester, gidan kula da tsofaffi kusa da 'yar ƙanwarsa, wadda ita kaɗai ta rage masa. Yakan kira ni ranar Lahadi. Muryar tana raguwa, amma sai ya tambayi miyar kududdufi.

Ina gaban injin guga da hantsi wayata ta yi ƙara. Malama ce. Ta ce Baba ya rasu da asuba, 'yar ƙanwar ce ta sanar da ita. Na yi salati. Abin da ya zo mini kawai shi ne: da asuba ya rasu, yanzu hantsi, in ban tashi ba za a kai shi ban iso ba. Na daɗe a ƙasar nan, na sha jin cewa Turawa sukan jinkirta, amma duk mutuwar da na taɓa zuwa a Birmingham ta Musulmi ce, kuma ƙafata ba ta tsaya shawara da kaina ba. Na kashe injin, na gaya wa shugaban sashe an yi mini rasuwa. Ya ce wa? Na ce babana. Ya ce in na fita yanzu shi ba ruwansa da abin da agency za ta yi. Na fita.

Na biya gida na sa farar riga da hula. Matata ta zuba mini dabino a leda, ta ce ba a shiga gidan makoki hannu sake. Malama ta turo mini adireshin 'yar ƙanwar, na karanta shi da kaina a cikin motar Manchester, baƙi bayan baƙi.

Unguwar jerin gidaje ce na jan bulo, duk iri ɗaya. Tun daga bakin layi nake neman inda mutane suka taru, inda takalma suka cika ƙofa. Ba kowa. Ƙofar a rufe, labule a sake. Na ƙwanƙwasa, shiru. Na ce shi ke nan, sun tafi maƙabarta, na makara kamar yadda ya saba faɗa. Na zauna a kan guntun katangar gidan da ledar dabino a cinya, na ce ko ba komai in sun dawo na yi musu gaisuwa. Yayyafi ya sauko ya ɗauke, ya sake saukowa.

Sai wajen la'asar wata mata ta shigo layin da rigar aiki ta masu kula da marasa lafiya, da ledar cefane. Da ta gan ni ta tsaya nesa, ta riƙe makulli a hannu. Na miƙe na cire hula, na ce daga Birmingham nake, ajinmu ɗaya da kawunta.

"Kai ne mai miyar?" in ji ta.

Na ce ni ne. Na ce, "An riga an kai shi?"

"An kai shi ina?"

"Maƙabarta."

Ta dube ni, ta dubi farar rigata da ta jiƙe. Ta ce yana asibiti a ɗakin ajiye gawa, ba a ma ba ta takardar mutuwa ba tukuna. Ta ce sai nan da makonni. Ita ba ta da halin yi masa jana'iza, council ce za ta yi, su za su zaɓi rana, kuma ƙonawa za a yi, ba binnewa ba. Ta ce yau ma aiki ta je, don in ba ta je ba babu mai biyanta.

Na tsaya ban san inda zan sa kaina ba. Mutum ya rasu da asuba, ga danginsa ta dawo daga aiki da madara da burodi. Ban ga laifinta ba, idonta ya kumbura. Ta shigar da ni, ta dafa shayi, na ajiye dabino a tebur. Mu biyu ne zaman makokin.

"Ya ce in sa masa waƙar nan," in ji ta. "Shi da labarin tafinsa. Tun muna yara yake ba mu. Uwata takan ce kowane direba a Manchester ya ce shi ne."

Na ce, "Shi ne."

"Ta yaya ka sani?"

Na ce na ga yana yi. Ba ni da wata hujja da ta wuce wannan, har yau.

Na dawo Birmingham, waya ta yi shiru. Kullum da yamma ina duba ta, ba saƙo. A gida na ga miya ta fara tsinkewa, nama ya koma ranar Juma'a kaɗai. Da saƙon agency ya zo daga ƙarshe, na karanta shi da kaina, na sake karantawa. Sun ba ni aiki ranar da 'yar ƙanwar Baba ta ce za a yi jana'iza.

"Maigida, ai ka riga ka je can fa," in ji matata. "Allah ya ga ka je. Ka jiƙe, ka yi gaisuwa. In ka ƙi wannan aikin ba za su sake kiranka ba."

"Gaisuwa na yi. Ban raka shi ba."

"Wuta za su sa masa. Za ka iya tsayawa?"

Bayan sallar Juma'a na tsayar da limaminmu a bakin masallaci na gaya masa komai. Ya ce zama da mutum yana da haƙƙi, in je in tsaya da ladabi, ba salla ba ce. Na ce akwai kuma maganar tafi.

"Tafi kuma, Malam? A wurin mutuwa?"

"Haka ya roƙa."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce to."

Ya gyara rawaninsa. Ya ce, "Da kafin ka ce to ka zo, da na san abin da zan gaya maka."

Ranar na yi sammako. Matata ta goge mini farar rigar ba tare da na tambaya ba, ta ajiye a kan gado, ta koma kicin.

Ɗakin jana'izar a wurin ƙona gawa ƙarami ne, da kafet mai laushi da furannin roba. Kujerun suna nan yadda ya faɗa, layi-layi, an goge su tas. Malama ta so zuwa, amma ta sami sabon aiki a wani kanti, ba su ba ta rana ba. Daga 'yar ƙanwar sai ni sai ma'aikacin wurin da baƙar kwat. Akwatin yana gaba a kan wani dandamali, ya yi mini gajarta da tsawon Baba. Na rasa inda zan zauna. Na ga in na zauna kusa da ita duk sauran layukan za su zama fanko, sai na tsaya a tsaye a tsakiyar ɗakin, bayan akwatin, yadda muke tsayawa.

Ma'aikacin ya faɗi 'yan kalmomi, ya duba takarda kafin ya ambaci sunan. Sannan ya danna wani abu, fiyano ya fara. Labule ya soma zagaye akwatin a hankali. Ban taɓa jin kiɗa a gaban gawa ba. Bakina yana ta salati a ɓoye, hannayena sun yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Muryar ta yi baitin farko, ta yi na biyu. Na san inda ake zuwa. Jita ta yi ƙasa, ganga ta tsaya.

Sai ga hannun Baba a cikin lasifika, hannun saurayi mai ƙarfi wanda ya bar burodinsa a baranda. Biyu a jere, a dakata, ɗaya.

Zagayen farko ya wuce ni ina tsaye. A na biyu na ɗaga hannu na tafa. Ƙarar ta cika ɗakin fiye da yadda na zata, ma'aikacin ya ɗago kai. 'Yar ƙanwar ta juyo ta dube ni, ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na girgiza. Na ci gaba. Kafin jita ta dawo na ji wani tafin ƙarami a gefe, nata, ba a kan ƙa'ida ba. Labulen ya rufe kafin waƙar ta ƙare, ma'aikacin ya rage sautin, don akwai wasu suna jira a waje. Su da yawa ne, har da furanni.

Na iso gida bayan magariba. Matata ta karɓi hulata, ta zuba mini ruwa a buta. Wayata tana kan tebur inda na bar ta da gangan, ba saƙo a ciki, kuma an daɗe kafin wani ya sake shigowa.

"Ka yi?" in ji ta.

"Na yi."

"Daidai?"

Na ce na ƙarshen ya kuɓuce mini, na makara kaɗan. Ta ce in yi alwala, abinci yana hucewa.